Yadda ake rainon 'yan tsaki da 'yan agwagwa a ɗaki ɗaya

Ana iya rainon 'yan tsaki da 'yan agwagwa tare, kuma a gidajen cikin birnin Kano sau da yawa dole ce take sa a yi hakan. Tsakar gida a Fagge ko Yakasai ko Kurna ba ta da filin da za a yi wa kowa kejinsa, gawayi ya yi tsada, buhun abinci kuma ɗaya ake iya saye. Sai dai idan asara ta tashi zuwa, a kan 'yan tsakin take sauka, agwagin kuwa suna nan garau suna facal-facal. Ruwa ne yake jawo haka. Ɗan agwagwa ba ya iya haɗiye abinci sai da ruwa, kuma ba ya sha sai ya watsar da rabi a ƙasa. Shi ko ɗan tsako, da zarar shimfiɗarsa ta jiƙe, sanyi da kashin jini sun samu ƙofar shiga. Tsarin da ya fi kai mutum ga nasara shi ne a haɗa su a wajen ɗumi, a raba su a wajen ruwa.

Tun wajen saye

Su zama sa'annin juna. Idan za a samu tazara, gara tsakin su girmi agwagin da mako guda, kada a juya. Ɗan agwagwa yana da saurin girma, cikin mako biyu ya bar ɗan tsakon gida a baya nesa. Ba ya sara, amma yana tattakewa: idan ya nufi abinci, duk wanda ke gabansa ta kansa zai bi da faffaɗar ƙafarsa. Yawan agwagin kuma kada ya kusanci na tsakin. Tsaki 20 da agwagi 5 ko 6 abu ne da mutum ɗaya zai iya kula da shi kafin ya fita nema da bayan ya dawo. Idan agwagi suka kai rabi, kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kaɗai zai sa ka yi da-na-sani.

A ganina kada a haɗa brola da agwagwa. Brola tana da nauyi, yini take yi kwance da ƙirjinta a ƙasa, kuma danshi yana ƙona mata ƙirji da tafin ƙafa. Waɗanda suka fi jure zaman tare su ne tsakin gida, da Noiler, wato kajin da ake kiwo don nama da ƙwai, da kajin ƙwai irin ShikaBrown da cibiyar NAPRI ta Shika, kusa da Zariya, ta samar.

Wanda yake so kazarsa ta yi masa kwancin duka biyun, ya riƙe lissafin kwanaki. Ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa. Agwagwar gida, mai jar fatar nan a fuska, wadda toronta ba ya kuka sai huci, nata kwana 35 ne. Farar agwagwar Turawa kuwa kwana 28. Ke nan idan ana so su fito rana ɗaya, ƙwan agwagwar gida za a fara sa wa kazar, bayan kwana 14 a ƙara na kaji. Kwanci ne mai tsawo ga kaza, sai an tabbatar tana tashi ta ci ta sha kullum. Idan da hunturu ne, a riƙa yayyafa wa ƙwan agwagwar ruwan ɗumi kaɗan a makon ƙarshe, don iskar lokacin tana busar da shi.

Tsakin kamfani yawanci daga Ibadan ake kawo su, 50 a kwali, sun kwana a mota. A zaɓi mai buɗaɗɗen ido, wanda cibiyarsa ta bushe, babu kashi a manne a gindinsa. 'Yan agwagwa kuwa gara a saye su a gidan da aka sani da a ɗebo su a kasuwar 'yan kaji, inda tsuntsayen ƙauyuka goma ke cakuɗe. Agwagwa tana iya ɗauke da murar tsuntsaye ko ciwon Niwkasil tana yawonta kamar ba komai, kaza kuwa ta kamu ta mutu. Masu gonakin kaji a Kano ba su manta da 2006 ba, shekarar da murar tsuntsaye ta fara shigowa Najeriya, da kuma dawowarta a Janairun 2015. Shi ya sa wannan bayanin na mai ƙaramin kiwo ne a gida. Mai gonar kaji ɗari biyar ko dubu, ko kusa da katangarsa kada ya bar agwagwa ta zo.

Shirya ɗakin

A share, a wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku. A kewaye wajen da kwali mai kauri ko silin, tsayin ƙafa biyu, a lanƙwasa kusurwoyin don kada su taru a lungu su danne juna. Wajen ya kasance mai tsawo, wuta a wannan ƙarshen, ruwa a wancan. Ga tsuntsaye 25, faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 6 ya isa na mako biyun farko, daga nan sai an ninka.

Shimfiɗa ita ce ɓuntun shinkafa, wanda ake samu a injinan casa, ko ɓawon katako mai faɗi-faɗi da injin goge katako ke fitarwa, irin wanda ake ɗebowa a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Garin katako mai laushi ba shi da kyau, tsaki suna cin sa ya toshe musu ciki, ga ƙura. A zuba kaurin yatsu huɗu. Kwana ukun farko a rufe saman da buhun algarara ko tsohon zani, har su gane abinci. Leda ko takarda mai santsi tana sa ƙafafunsu su baje, kuma ɗan agwagwa ya fi saurin samun wannan lahani.

Ɗan tsako yana son zafin digiri 33 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. Ɗan agwagwa ba ya bukatar ya kai haka, kuma yana riga tsako barin wuta. Amfanin ajiye wutar a gefe ɗaya ke nan: kowa ya tsaya inda ya yi masa. Ko babu ma'aunin zafi, su da kansu za su nuna maka. Idan sun cure a jikin wuta suna tsiwa, sanyi suke ji. Idan sun gudu bango suna haki da baki buɗe, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu, wasu na ci wasu na barci, to daidai ne.

Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kurfoti ko tukunyar ƙasa mai huji ake amfani da ita. A hura gawayin a waje, sai hayaƙi ya ƙare ya zama garwashi sannan a shigar, a ɗora a kan bulo, a kewaye da ragar waya. A bar taga ta sama a buɗe ko da sanyi ake yi. Garwashi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe tsuntsu, tana kashe mutum. Kada yaro ko babba ya kwana a rufaffen ɗakin da aka ajiye shi.

Lokacin shekara yana canza lissafin. Daga Disamba zuwa Fabrairu daren Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, sai an yi mako huɗu ko fiye ana hura wuta, kuma lokacin ne Niwkasil ke yawan ɓarna. Daga Maris zuwa Mayu rana tana kai 40, wutar sai dai gabanin asuba, wani lokacin ma ba a bukata. Abin tsoro a nan zafi ne da ƙishirwa. Markar Agusta ita ce mafi muni ga wannan haɗin, don shimfiɗa ba ta bushewa. Mai koyo ya fara da kaka, wajen Oktoba ko Nuwamba.

A hura wutar tun awa uku ko huɗu kafin su iso. Da sun iso, ruwa za a fara ba su, an zuba gulukos ko sukari cokali biyu a lita ɗaya. A kama kowanne a tsoma masa baki sau ɗaya, ya san inda ruwan yake. Bayan awa biyu a barbaɗa abinci a kan faranti ko murfin kwali.

Maganar ruwa

Mazubi biyu za a yi, iri daban-daban. Na tsaki shi ne ƙaramin mazubin robar nan da ake kifewa, a jera ƙananan tsakuwa a bakinsa don kada wani ya faɗa ko ɗan agwagwa ya shiga ya zauna. A kwanakin farko shi zai ishe su duka.

Daga kwana na huɗu ko na biyar, ɗan agwagwa yana bukatar ruwa mai zurfin da zai nutsa bakinsa har hanci, don da haka yake wanke ƙofofin hancinsa da idonsa daga garin abinci. Idan bai samu ba, za ka ga ido yana kumfa, hanci ya toshe. Amma buɗaɗɗen kwano mai wannan zurfin kabarin ɗan tsako ne. Dabarar ita ce a samu galan na roba mai lita 4 ko 5, a wanke shi tas, a yanka huji biyu a jikinsa, girman da kan ɗan agwagwa zai shiga amma jikinsa ba zai bi ba. A goge bakin hujin kada ya yanke su. A cika ruwa zuwa ƙasan hujin. Suna girma ana sake wani galan mai huji mafi faɗi, mafi tsayi daga ƙasa, yadda tsako ba zai kai ba.

Sai kuma abin da za a ɗora galan ɗin a kai, wanda a wajena ya fi komai muhimmanci a ɗakin. A samu faranti mai zurfi ko yankakkiyar jarka, a rufe samanta da ragar waya mai ƙananan ido da aka buga a jikin katako, a ɗora galan a kan ragar. Duk abin da suka watsar ƙasa zai zuba, ba zai taɓa shimfiɗa ba. Safe da yamma a zubar. Wanda ya tsallake wannan mataki zai riƙa canza ɓuntu kullum, kuma duk da haka ɗakin zai yi wari.

Tsakanin abinci da ruwa a bar tazarar taku ɗaya. Ɗan agwagwa cika baki yake ya ruga ruwa ya dawo. Idan suna manne da juna, ruwan ya zama kunu, abincin ya zama taɓo. Idan kuma sun yi nisa ƙwarai, yana iya shaƙewa a hanya. Kada a taɓa barin abinci a gabansa babu ruwa.

Duk da wannan, 'yan agwagwa za su je su gurɓata mazubin tsakin. Daga mako na biyu a raba ɗakin da raga, a bar wata 'yar ƙofa a ƙasa wadda tsako zai wuce amma ɗan agwagwa, da ya riga ya yi faɗi, ba zai iya ba. A can ciki a ajiye ruwan tsaki da abincinsu, a busasshen waje. Ɗorawa a kan bulo kawai ba ta isa, don ɗan agwagwar gida yana da farce mai kaifi, yana hawa abin da ba ka zata ba.

Kullum da safe a damƙi shimfiɗar a hannu. Idan ta watse, lafiya lau. Idan ta dunƙule, a kwashe wajen a zuba sabuwa. Idan ka durƙusa ka ji wari yana yaji a idonka, su da hancinsu ke ƙasa sun daɗe suna shan wahala.

Abinci

Mako biyun farko abinci ɗaya za su ci: sitata na tsaki, mai furotin kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari, irin wanda ake sayarwa a buhu mai kilo 25 ko a awo. Mai ɓarzajjen ƙwaya ya fi gari sauƙin ci ga ɗan agwagwa. Idan gari ne kawai ke akwai, a ɗan yayyafa wa nasu ruwa, amma a zuba daidai wanda za su cinye cikin rabin awa, don jiƙaƙƙen abinci a zafin Kano nan da nan yake tsami. Abincin kaji masu ƙwai kada a ba ko ɗaya daga cikinsu. Sinadarin ƙashi ya yi yawa a ciki, yana lalata ƙodar ƙanana.

Abincin tsaki yana da giɓi ɗaya ga agwagwa, wato niyasin, ɗaya daga cikin bitamin B. Ɗan agwagwa yana bukatar kamar miligiram 55 a kowane kilo na abinci, ɗan tsako kuwa 27 zuwa 35 ya ishe shi. Masara, wadda ita ce mafi yawan abin da ke cikin buhun, niyasin ɗinta a ɗaure yake, jiki ba ya amfana da shi. Rashinsa yana bayyana a mako na biyu ko na uku: ƙafa ta gwame, gwiwa ta kumbura, ɗan agwagwa ya yi taku uku ya zauna. Mutane kan ce sanyi ne ya kama shi, su ƙara wuta, alhali ba nan matsalar take ba. A je shagon magungunan dabbobi a sayi garin bitamin na kaji, a duba jikin takardar a ga akwai niyasin, a riƙa zubawa a galan ɗinsu. Idan an samu niyasin zalla, miligiram 100 zuwa 150 a lita 4 na ruwa. Ko tsaki sun sha ba ya cutar da su. Yis ɗin burodi ba madadinsa ba ne, don yana da rai, yana kumbura a ciki.

Gyada tana da niyasin sosai, kuma a garin dalar gyada abu na farko da zai zo wa mutum shi ne ya ba su tunkuza. A yi hattara ƙwarai. Gyada da masarar da suka sha danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, kuma a cikin tsuntsayen gida babu mai saurin mutuwa da ita kamar ɗan agwagwa. A 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar da aka kai daga Birazil. Daga nan aka gano gubar, kuma 'yan agwagwa masu kwana ɗaya aka riƙa gwada ta a kansu saboda tsananin rauninsu gare ta. Mai haɗa abinci da kansa, idan ya je kasuwar Dawanau sayen masara da waken suya, ya buɗe buhu ya shinshina, ya tauna. Buhun abinci a gida kuma a ɗora shi a kan katako, nesa da bango, kada a sayi abin da zai wuce wata ɗaya.

Yawancin abincin tsaki na kamfani akwai maganin kashin jini a ciki. Idan amfuroliyam ne, ba ya cutar da agwagwa a adadin da ake zubawa. Idan ba a rubuta ba, a tambayi mai shago ko likitan dabbobi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne maganin da ake zubawa a ruwa: ɗan agwagwa yana shan ruwa ninkin-ba-ninkin na tsako, don haka awon da ya yi wa tsako daidai, shi ya yi masa yawa. Duk ranar da za a ba tsaki magani, a ruwansu na bayan raga za a zuba.

Daga mako na uku cin nasu ya rabu. Tsaki su ci gaba da sitata har mako shida zuwa takwas. Agwagi kuwa a sauko da furotin ɗinsu zuwa kashi 16 ko 18, in ba haka ba fiffike yana riga ƙashi girma, ƙarshensa ya murɗe ya fito waje, kuma idan ya ƙafe haka ba ya gyaruwa. Haɗa sitata da dusar alkama yana ɗan rage shi. A yanka musu latas, alayyafo ko ganyen zogale ƙanana-ƙanana a watsa a ruwa. Da an fara ba su ganye, ko an fara ba tsaki gara, a ajiye musu yashi mai tsakuwa a ɗan kwano, shi ne haƙoransu.

Bayan mako uku ana iya ɗauke wa agwagi abinci da ruwa gaba ɗaya da daddare, don ɗakin ya kwana a bushe. Ban da bazara. Lokacin zafi ruwa ba ya barin gabansu.

Ranar rigakafi

Tsaki suna bukatar rigakafin ciwon Gumboro da Lasota, wato na Niwkasil, kowanne sau biyu a cikin watan farko, sai na ƙuraje wajen mako na shida. Ranakun suna ɗan bambanta, a bi takardar inda aka sayo su ko maganar likita. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin waɗannan, akwai kuma na waje. A saya a inda ake ajiye su a firji, a kawo gida cikin ƙanƙara.

Ranar na Gumboro ko Lasota, da sassafe a kwashe agwagin a kai su wani kwali da ruwansu da abincinsu, in ba haka ba su za su shanye maganin su yi wanka da sauran. A ɗauke wa tsaki ruwa na awa ɗaya zuwa biyu. A haɗa maganin da ruwan rijiya mai sanyi, ban da na famfo mai kilorin, a sa ɗan garin madara. A tabbatar kowa ya sha cikin awa biyu, sauran a haƙa rami a binne.

Iyo da fita tsakar gida

Ɗan agwagwan da uwarsa ta raina yana samun maiƙo daga jikinta, shi ya sa ruwa ba ya ratsa shi. Wanda aka raina da kurfoti ba shi da wannan, gashinsa jiƙewa yake, ya gaji ya nutse ko sanyi ya kashe shi. Daga mako na biyu ana iya sa su a tasa da ruwan ɗumi da tsakar rana, minti biyar, kana tsaye a kansu, sannan a goge su da tsumma a mayar gindin wuta. A kife tasar nan take. Sai gashin manya ya rufe musu ƙirji da ciki za a bar su su yi iyo yadda suke so.

Wajen mako na huɗu a fara fitar da su duka shan hantsi, a ƙarƙashin raga saboda shirwa da muzurun unguwa. A rufe rijiya da bokitai da kwatami. Da dare kuma ɓera da gafiya ne abin tsoro, a toshe duk wani rami a ɗakin. Yara suna son ɗaukar 'yan agwagwa, a sa su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa, don kashin tsuntsu yana kawo gudawa.

Daga mako na shida zuwa na takwas wuta ta ƙare, kowa ya koma makwancinsa. Kaji a sa musu sanda su hau, agwagi a ba su busasshen waje a ƙasa, kada ya zama a ƙarƙashin sandar kajin. Da rana suna iya kiwo tare a tsakar gida ba rigima, sai dai toro idan ya balaga, wajen wata shida ko bakwai, yana bin kaji ya ji musu mummunan rauni. Ko a sama masa mata uku ko huɗu na jinsinsa a killace su, ko a yanka shi kafin lokacin. Ruwan wankan agwagi a riƙa juye shi kullum a gindin zogale ko lemo maimakon a sake shi lungu, inda zai tara sauro ya jawo maganar maƙwabta. Tsohuwar shimfiɗar kuma a shanya ta, a ɗura a buhu. Masu lambu suna saye, kuɗin ya rage na gawayin zagaye na gaba.